Tsagar da Na Nuna wa Baƙi

Ni malamin firamare ne, kuma mutum ne mai baki. Wannan na biyun ba sai an faɗa mani ba. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, takan ce da ana sayen surutu a kasuwar 'Yankara da tuni na kai ta Makka. Yayana kuwa, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, sai ya yini bai haɗa magana goma ba. Shi ya riƙe gonar gidanmu da shanun huɗa, ni na riƙe alli. Amma duk da wannan bambanci, tun muna yara kwano ɗaya muke ci a zaure, har kowa ya yi aure ya tara iyali ba mu fasa ba. Matarsa ta kawo yau, tawa ta kawo gobe, mu zauna, ni in yi ta zuba, shi ya yi ta ci. Yau shekaru ke nan hannuna da nasa ba su haɗu a kwano ba, kuma ni na jawo.

Garinmu yana can bayan Ruwan Godiya, a gindin duwatsu. Tsakanin manyan guda biyu akwai wani kwari mai tsawo, mu dai Kwari kawai muke ce mashi, kamar babu wani a duniya. Kai, wanda bai ga wurin nan da damina ba bai san kore ba! Ruwa na tsattsafowa daga ƙirjin dutse, ya gangaro ya taru a wani gurbi mai zurfi, sanyi ƙarara, ko da bazara ba ya ƙafewa. Kanya, ɗinya, tsada, kaɗanya, duk ga su nan, babu mai cewa nasa ne. Birai kuwa sun raina mutane ƙwarai, ka ajiye masararka ka juya, ka juyo ka ga wayam. A saman dutsen gabas akwai kufai, da guraben niƙa da ramukan dara da mutanen dauri suka sassaƙa a falalen dutse. In ka tsaya can ranar da gari ya yi garau, kana hango hayaƙin ƙauyukan Sabuwa.

Ba ni na gano wurin da kaina ba. Wani tsoho ne ya koya mani shi, Bamaguje, wanda gidansu ya riga garinmu zama a gindin dutsen. 'Ya'yansa wasu sun musulunta, wasu suna zuwa coci, shi dai yana nan kan abin da ya gada. Baba muke ce mashi. Tun ina saurayi nake binsa in za shi ɗibar saiwoyi. Ya nuna mani inda ake taka ƙafa, da inda santsi yake, da kogon da zuma ke zaune, da dutsen da in ka yi kira yake amsa maka sau biyu. Sai da na shekara uku ina binsa sannan ya nuna mani tsagar. A can ƙuryar Kwari, inda kowa ke zaton dutse ya rufe, bayan wata sarƙaƙiya, akwai wata 'yar hanya tsakanin duwatsun biyu. In ka bi ta, kafin ka gama shan rake guda ka ɓulla bayan dutse, cikin dajin da ya miƙe har ƙasar Sabuwa da gaba. Baba ya ce ta nan kakanninsu ke sulalewa in mahara sun zo. Ya kama kunnena, ni da gemu ya fara tsiro mani, ya ce, "Malam ƙarami, saman dutse na baƙo ne, ruwa na baƙo ne. Wagga kuwa ta 'yan gida ce. Ka ji ko?" Na ce na ji.

Da na kama aikin koyarwa aka fara turo mana 'yan bautar ƙasa. Ranar Asabar ba su da wurin zuwa, sai na ce su zo in nuna masu abin da garinsu ba shi da shi. Suka ɗauki hotuna a waya suka tura wa 'yan'uwansu da ke Faskari da Funtuwa. To, shi ke nan. Ma'aikatan asibiti suka fara zuwa, 'yan biki in sun kawo amarya sai su ce a kai su, har ɗalibai aka taɓa kawowa cikin bas. Duk wanda ya sauka ya tambayi Kwari, sai a ce a kai shi gidan Malam. Ban taɓa karɓar komai ba. Abin da nake so in ji kawai shi ne baƙo ya riƙe baki ya ce, "Malam, ashe haka garinku yake?"

Ina da tsarina, kuma ba a saɓa mani. Da hantsi za a hau dutsen gabas, kafin ya ɗauki zafi, kowa ya cire takalmi, don na gaji da tarbe matan birni masu takalma masu tsini. A sama kowa ya kira sunansa dutse ya maimaita, manyan mutane da tumbinsu suna ihu kamar 'yan aji ɗaya. Daga nan a gangaro wurin wani sulɓin dutse, a zauna kan buhu a sulalo. Maza su faɗa gurbi su yi kurme, mata su zagaya bayan wani dutse su tsoma ƙafa. A hura wuta a gasa masara ko gyaɗa, a yi azahar a kan falale, da la'asar sakaliya a dawo gida ƙafafu na rawa. Ni kuwa tun daga tashi har dawowa bakina bai rufu ba.

Wani mutumin birni ne ya fara tunzura ni. Mun gama zagaye, ya duba nan ya duba can, ya taɓe baki ya ce, "Shi ke nan? Ai na ga wanda ya fi wannan a Jos." Wallahi sai na ji kamar ya zagi ubana. Na ce mashi, "Ranka ya daɗe, biyo ni." Na buɗa sarƙaƙiya na shigar da shi tsagar. Da muka ɓulla bayan dutse ya ga daji shimfiɗe iya ganinsa, sai ya ce, "Tabarakallah." Wannan kalma guda ita ta cuce ni. Daga ranar tsaga ta zama abin da nake rufe zagaye da shi. Baba ya ji labari, na gaishe shi kwana bakwai bai amsa ba. Na ce a raina tsufa ne. Wane mahari a zamanin waya da kwalta? A lokacin muna jin ana kore shanu can wajen Zamfara, amma muna jinsa ne kamar cida a garin wasu.

Wasu mutum uku ranar wata Asabar suka zo, da kaka, a kan babura biyu. Suka yi sallama a zaurenmu, suka ce a kasuwar 'Yankara suka ji labarin Kwari. A garinmu ba a tambayar baƙo daga ina yake. Sai ya sha ruwa ya huta, in ya ga dama ya faɗa da bakinsa. Wanda ya tambaya, cewa ake yana ƙyashin tuwonsa ne. Yaya da kansa ya shiga gida ya fito masu da fura. Biyu ba su da magana. Na ukun, wani dogo mai wushirya, shi ne mai fara'a, Malam kaza Malam kaza, dariyarsa har kunne.

Ban taɓa samun baƙi masu daɗin rakiya irinsu ba, kuma wannan ne abin da in na tuna nake ji kamar in shaƙe kaina. Sauran baƙi hoto kawai suka sani. Waɗannan tambaya suke yi. Ruwan nan yana kaiwa rani? Na ce har damina ta zagayo. Waya tana kamawa a nan? Na ce sai a saman dutsen gabas, na ma nuna masu daidai inda ake tsayawa. Daga sama ana ganin mai shigowa gari? Na ce har kalar rigarsa. Ni fa a ganina na samu ɗalibai masu ƙwaƙwalwa! Da muka shiga tsagar, mai wushirya ya tambaya ko babur zai wuce. Na ce, "Babur? Sa ma yana wucewa, in ba mai faɗin ƙaho ba." Har na buɗe hannuwana na gwada masu faɗin wurin. Ya yi dariya ya ce, "Kai Malam, Allah ya ƙara ilimi." Na ce amin.

Da yamma muna cin tuwo Yaya ya ce, "Su wane ne?"

Na ce, "Baƙi."

"Daga ina?"

Na ce, "Haba Yaya, yaushe muka fara tambayar baƙo?"

Ya ci gaba da cin tuwonsa.

Kafin damina ta zagayo abin ya matso kusa. An taɓa ƙauyen gabanmu, an taɓa na bayanmu. Gari ya kafa 'yan sa-kai, suka tsare hanyar mota da hanyar rafi, don nan ne kowa ya san ana shigowa. Kwari kuwa babu wanda ya kula da shi, ai dutse ya rufe. Ni na san bai rufe ba. Na yi tunanin in faɗa, sai na ga in na faɗa za a tambaye ni wa da wa na nuna wa, kuma ba zan iya lissafawa ba. Na ce bari dai zuwa gobe. Mutumin da bai taɓa iya riƙe magana ba, ranar da magana za ta yi amfani sai ya haɗiye ta.

Da rana tsaka ɓarayin shanun suka fito, farkon huɗa, ta cikin Kwari. Gonarmu ce ta farko a bakinsa. Ɗan farin Yaya, magidanci mai 'ya'ya biyu, shi ke bayan garma. Suka ce ya saki shanun, ya ƙi sakin igiya, suka harbe shi a kan kunyar gona. Suka tattara shanun gari suka kora ta tsagar, har da masu faɗin ƙahon. Matan da suka ɓuya bayan duwatsu sun ga fuskar wanda ke gaba. Suka ce dogo ne, mai wushirya, kuma ai sun taɓa ganinsa yana shan fura a zaurenmu.

Kafin a yi sadakar uku kalmar ta fito: infoma, mai kai wa ɓarayi labari. Na san abin da ake wa wanda aka kira da wannan suna, ana zagayawa da shi bayan gari ne ba ya dawowa. Aka tara mutane ƙofar mai gari. Na yi alwala na dafa Alƙur'ani na ce ban san su ba, ban karɓi komai ba, abin da na nuna masu shi na nuna wa kowa. Wani cikin 'yan sa-kai ya ce, "Kowa? To wa ya aike ka?" Ana ta hayaniya sai Yaya ya miƙe. Kowa ya juya gare shi, don shi aka yi wa rashi. Ya ce, "Ƙanena wawa ne. Amma ba munafuki ba ne." Ya koma ya zauna. Wannan magana ita ta bar ni da rai.

Da magariba matata ta kawo tuwo zaure. Na zauna ina jira, tuwo ya huce, Yaya bai fito ba. Washegari matarsa ta kawo kwano biyu, ta ajiye ɗaya gabana, ta shiga da ɗaya ɗakinsa, ba ta dube ni ba. Na bi shi har ciki na durƙusa na ce, "Yaya, ka zage ni. Ka mare ni. Ka ce ni na kashe maka ɗa." Amma a wurinmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya nuna yana sonsa, ba ya kukansa a gaban mutane. Yaya kuwa mutumin da ne. Ɗan da bai taɓa kiran sunansa yana raye ba, yaya zai yi shari'a a kansa yana kabari? Ya ce, "Tashi, yara na kallonka." Ba zai zarge ni ba, don haka babu abin da zai yafe mani. Na je wurin Baba ko shi zai zage ni in ji sanyi. Ya dube ni ya ce, "Ba laifinka ba ne. Ni na ba mai baki ajiya."

Sau nawa suka dawo bayan nan, na daina ƙirgawa. Gari ya watse. Baba, 'ya'yansa suka ɗauke shi zuwa Funtuwa, can ya mutu a ɗakin haya. Ni na koma Ƙanƙara wurin dangin matata, aka ba ni aji a wata makaranta. Yaya ya koma gefen 'Yankara da jikokinsa, mutumin da ke da shanun huɗa ya zama mai yin ƙwadago a gonar wasu. Duk sallah ina zuwa gaishe shi. Yana amsawa, yana tambayar iyali, in an kawo abinci sai ya ce shi ya riga ya ci.

Kwari kuwa ya zama nasu. Wata rana a motar haya na zauna kusa da wata mata 'yar garin Ƙetare, wadda aka taɓa ɗauka ta yi wata biyu a hannunsu. Tana ba wata labari, ba da ni take ba. Ta ce an tsare su ne a wani wuri tsakanin duwatsu, gindin kanya, kusa da wani ruwa mai sanyi. Ta ce in za a kira 'yan'uwanka a waya sai an hau da kai saman dutse, akwai daidai inda ake tsayawa. Ta ce abin da ya fi firgita ta shi ne in an doki mutum ya yi ƙara, sai dutse ya maimaita sau biyu. Ɗayar ta ce, "Wannan ai wurin aljanu ne." Ni da na san kowane dutse da ta ambata, na san ma kanyar, ba ta da zaƙi sai ta faɗo da kanta, ban ce uffan ba har muka sauka.

Bana aka ce an yi sulhu. Ni ban ga sulhu ba, na dai ga an ce su shigo kasuwa mu kuma mu koma gona, kada kowa ya tsokani kowa, wanda ya tsokana shi ya ɓata zaman lafiya. Wanda aka kashe wa ɗa ya haɗiye. Cikin wannan hali ne wani direba ya kawo mani saƙo, wai Yaya ya ce in zo ranar kasuwa. Bai taɓa aiko mani ba tun da abin ya faru. Na sa aka wanke mani riga, na yi aski, matata har tana tsokanata wai ko zance za ni.

Na same shi wajen masu sayar da igiya. Ya rame, gemun ya yi fari fat. Muka gaisa, ya ce, "Ka ci abinci?" Na ce a'a. Ya wuce gaba na bi shi har rumfar wata mai tuwo. Muka zauna kan benci. Ta dubi Yaya ta ce, "Kwano biyu, Baba?" Ya ce, "Ɗaya." Na sunkuyar da kai don kada ya ga idona. Aka kawo tuwon masara miyar kuka, aka ajiye tsakaninmu. Ya wanke hannu ya turo mani ruwan, na wanke. Ya ce bismilla.

"Malam! Malam na Kwari!"

Tun kafin in ɗaga kai na gane dariyar mai wushirya. Ya yi ƙiba, ya sha rawani, da wasu biyu a bayansa, rigunansu sun yi tudun bindiga a kafaɗa. Ya kama hannuna da hannu biyu yana girgizawa, rumfa cike da mutane, ya juya ga abokansa ya ce, "Wanga shi ne malaminmu. Shi ya nuna mana wuri tun farko, Allah ya saka mashi." Sannan ya ce da ni, "Malam, ka dawo da baƙinka mana. Yanzu ai lafiya lau, mun ma faɗaɗa hanyar, har mota tana shiga. Duk wanda ka kawo, a hannunmu yake."

Na dubi Yaya. Hannunsa na sama da kwano, bai kai ga taɓa tuwon ba. Ya janye shi a hankali ya goge a rigarsa. Bai dubi mutumin ba, ni ya duba, kuma ba kallon wawa ya yi mani ba. Ya miƙe ya ce, "Ka gaida gida."

Mai wushirya ya ga wuri ya samu, ya zauna inda Yaya ya tashi. Ya ce, "Tsohon ya ƙoshi ne? To kada abinci ya huce." Ya wanke hannu ya yanko loma. Ya ga ban motsa ba, ya ce, "Ci mana, Malam. Ko ƙyamata kake?" Mai tuwo ta tsaya cak da mara a hannu. Na tuna na bar 'ya'ya biyar a Ƙanƙara. Na sa hannu na ci. Allah ya sani na ci, loma uku.

Da na ɗaga kai, Yaya na tsaye can bakin rumfunan masu hatsi, ya juyo yana kallonmu. Sannan ya shige cikin mutane. Na bi shi har gida da la'asar, matarsa ta fito ta ce ba ya nan, alhali ga takalmansa a ƙofar ɗaki. Na zauna a waje har motar ƙarshe ta kusa tashi, sannan na tafi tasha.